Amsa ga mai tambaya: na iya tuƙin mota, zan iya hawa foklif a sito ba tare da an koya min ba?

Ɗan'uwa tambayarka ta iso ni. Ka ce ka samu aiki a wani sito na ajiyar kaya, ka daɗe kana tuƙi har babbar mota ka taɓa ja, yanzu oga ya ce tunda ka iya mota kawai ka hau foklif, wato injin nan mai yatsun ƙarfe biyu a gaba da ake ɗaga kaya da shi, ka fara ɗaukar kaya, kana so ka san ko akwai wani abu na daban ko kuwa duk tuƙi tuƙi ne. Gaskiya na ji daɗi da ka tsaya ka yi tambaya kafin ka hau, don da yawa sai sun hau an yi ɓarna tukuna ake zuwa neman irinmu. Aikina kenan koyar da masu tuƙa injinan nan da sa ido kan yadda suke aiki, don haka zan faɗa maka yadda abin yake ba ɓoye-ɓoye.

Kar ka hau sai an koya maka. Iya motar nan da kake da shi ma shi zai fi cutar da kai a kwanakin farko, saboda hannunka da ƙafarka sun riga sun saba da wani abu daban, kuma lokacin da abu ya taso ba tunani ne yake tuƙi ba, sabo ne. Ƙasashen da suka daɗe suna lissafin haɗarin injin nan sun mayar da horo doka. A Amurka hukumar OSHA mai kula da lafiyar ma'aikata a wurin aiki ba ta yarda wanda bai kai shekara 18 ba ko wanda ba a horar ba ya tuƙa, kuma duk shekara 3 sai an sake gwada direba a ga ko har yanzu yana aiki daidai. Cibiyar NIOSH ta can mai bincike kan lafiyar ma'aikata ta fitar da gargaɗi a 2001 inda ta ce kusan mutum 100 ne suke mutuwa duk shekara a ƙasar ta dalilin foklif, wasu 20,000 kuma su ji mummunan rauni, kuma kifewar injin shi ne kan gaba, kusan kashi 25 cikin 100 na mace-macen. A wurin da ake da doka da masu bin diddigi kenan fa.

Abu na farko da zai ba ka mamaki shi ne tayoyin baya ne suke juyawa ba na gaba ba. A mota in ka sha kwana gaba ne yake ja baya ya biyo, a foklif kuwa gaban yana nan kusan wuri ɗaya, bayan ne yake fita waje ya yi shara, kuma wannan bayan ba gwangwani ba ne, dunƙulen ƙarfe ne da aka sa don ya danne nauyin kayan da ke gaba. Sabon direba yana kallon yatsun gaba kar su taɓa komai, bai san bayansa ya riga ya kai ga ƙafar rak (kantar ƙarfen da ake jera kaya a kai) ko ƙafar mutum ba. Sannan kar ƙanƙantarta ta ruɗe ka, wadda aka rubuta tana ɗaukar tan 2 da rabi ita kanta ba kaya tana kaiwa tan 3 da rabi zuwa 4, in ta ɗauki kaya ka ga an wuce tan 6, ga birki a tayoyin gaba kawai, ga ba sifirin da zai shanye gargada. In ka taka birki da ƙarfi irin na mota, injin zai iya tsayawa amma kayan ba za su tsaya ba, gaba za su wuce.

Yanzu ga inda nake so ka nutsu sosai, don in ka gane wannan ka gane rabin aikin. Foklif sikeli ce. Tayoyin gaba su ne tsakiyar sikelin, kaya a gefe ɗaya, dunƙulen ƙarfen baya da jikin injin a ɗaya gefen. Muddin baya ya fi rinjaye kana lafiya, ranar da gaba ya rinjaya tayoyin baya su tashi sama, kuma ka tuna su ne sitiyarinka. Abin da mutane ba sa ganewa shi ne ba nauyin kaya kaɗai ake dubawa ba, har da nisan da nauyin ya yi daga gindin yatsu. Je ka duba jikin injin kusa da kujera ko gaban direba, za ka ga wani ɗan faranti na ƙarfe da kamfani ya manna, a nan aka rubuta iyakar abin da za ta ɗauka. Misali za ka ga kilo 2,500 sannan kusa da shi milimita 500, wasu kuma 600 ko inci 24. Ma'anarsa za ta ɗauki kilo 2,500 ne idan tsakiyar nauyin kayan bai wuce rabin mita daga gindin yatsu ba, wato irin falet ɗin (katakon da ake ɗora kaya a kai) da zurfinsa mita 1 ne kuma an jera kayan daidai wa daida. To a ce an kawo maka dogon akwati mai mita 2, tsakiyar nauyinsa ta koma milimita 1,000. Lissafin sauri da ake koyarwa shi ne ka ninka 2,500 da 500 ka raba da 1,000, ka ga ya ba ka 1,250, rabi kenan. Lissafin nan yana da taka-tsantsan, jadawalin da ke kan farantin shi ne alƙali na ƙarshe, amma ya isa ya nuna maka cewa akwati mai kilo 2,000 zai iya kifar da injin da aka rubuta wa 2,500. Haka kuma yawan ɗagawa sama yana rage abin da za ta iya riƙewa, abin da ta ɗauka lafiya a mita 3 ba lallai ta kai shi mita 5 ba. Duk wani abu da aka ƙara mata a gaba, ko abin maƙale duro ne ko ƙarin tsawon yatsu, shi ma yana cin nasa kason, dole a samu sabon faranti daga kamfanin da ya ƙera ta. In farantin ya goge ko an shafe shi da fenti ba a iya karantawa, wannan injin bai kamata ya fita aiki ba.

Za ka ji a hannunka in kaya sun yi yawa. Kana fara ɗagawa sitiyari zai yi sakwaf ba nauyi, bayan ya riƙa ɗan lilo, wani lokaci ka ji tayar baya ta ɗan saki ƙasa. Da ka ji haka sauke, kar ka ce bari in lallaɓa ai nan da can ne. Kuma don Allah in ka ga ana cewa mutum biyu su hau baya su danne, ko a ɗora buhuna a kan ƙarfen baya don ta iya ɗauka, ka ƙi. Sarƙa da yatsu da tiyon haidurolik duk an yi su ne daidai da nauyin da ke kan faranti, ƙara nauyi a baya bai ƙara musu ƙarfi ba, kuma in kayan suka zame bayan ya dawo ƙasa da ƙarfi waɗanda ke kai su za a fara ɗauka. A raba kayan biyu, ko a kawo babban inji.

Wancan kifewa ta gaba kenan. Wadda ta fi kashe direbobi ita ce ta gefe. Kana ganin taya 4 amma a zahiri a kan wuri 3 take tsaye, tayoyin gaba biyu da kuma fin guda ɗaya da ya riƙe aksil ɗin baya a tsakiya, wanda aka yi shi haka don tayoyin baya su riƙa bin ƙasa in ba ta daidaita ba. In ka ja layi tsakanin wuraren nan uku za ka samu alwatika, faɗi a gaba tsini a baya. Muddin cibiyar nauyin injin da kayan tana cikin alwatikar nan ba abin da zai faru, da ta leƙa waje shi kenan ta tafi. Me ke fitar da ita? Shan kwana da gudu, ɗaga kaya sama ana tafiya, taya ɗaya ta faɗa rami ko ta hau guntun katako, juyawa a kan gangare, kaya da suka karkata gefe ɗaya, tayar da iskarta ta ragu. In kaya suna ƙasa ƙaramin rami ɗan girgiza kawai zai yi maka, in suna mita 4 a sama wannan ramin dai shi zai kifar da kai. Wani abin da ke ba sababbi mamaki, foklif da ba kaya ta fi saurin kifewa ta gefe, domin nauyinta ya koma baya wajen tsinin alwatikar inda ba faɗi, kuma a lokacin ne direba yake sakin jiki ya taka totur don ya ga ba komai a gaba. Ka kula da dawowa fanko kamar yadda kake kula da tafiya da kaya.

In kuma ta fara tafiya, Allah ya kiyaye, kar ka yi tsalle. Na san jikinka zai ce ka fita, kuma ɓangaren da take faɗuwa nan jiki yake jefa mutum saboda nan ne ƙasa ta fi kusa, to daidai nan rumfar ƙarfen da ke saman kanka take sauka, ta same shi a wuya ko ƙirji ko ƙugu ta danne da nauyin tan 4. Abin yana faruwa da sauri fiye da yadda mutum zai iya fita ya tsere. Abin da za ka yi, ka ƙanƙame sitiyari da hannu biyu, ka dafe ƙafafu da ƙarfi a ƙasa, ka karkata jikinka zuwa ɓangaren da ba shi take faɗawa ba, ka zauna a ciki har ta gama faɗuwa. Za ka bugu amma ƙarfen da ya kewaye ka zai kare ka. Amfanin bel kenan a foklif, ba don karo aka sa shi ba kamar na mota, don ya riƙe ka a kujera ne lokacin da tsoro zai fitar da kai. Ina ganin masu ɗaure bel ɗin ta bayan kujera su zauna a kai don ƙararrawa ta yi shiru, wai suna yawan hawa da sauka yana ɓata musu lokaci, wallahi abin yana ci min rai, daƙiƙa nawa ne ɗaura bel. Wannan bayanin na mai kujera ne, irin wadda ake tuƙawa a tsaye mai buɗaɗɗen baya ita ana koyar da mutum ya taka baya ya fice ne, shi ya sa horon wata ba ya isar wa wata, kowace iri sai an koya maka ita.

Wajen tafiya, yatsu su kasance ƙasa kamar santimita 10 zuwa 15 daga daɓe, mas ɗin, wato dogon ƙarfen gaba da yatsu suke hawa da sauka a jikinsa, a jingine baya kaɗan don kayan su kwanta a jikin injin. Ba a ɗagawa ana tafiya, ba a saukewa ana tafiya, ba a shan kwana da kaya a sama, ka tsaya cak tukuna sannan ka taɓa liba. In kaya sun tare maka gani ka tafi da ribas kana waiwaye da jikinka, kar ka dogara da madubi kaɗai, kar kuma ka leƙo kai ta gefe kana tafiya gaba ko ka ɗaga kayan sama don ka hango ta ƙarƙashinsu. Hannu da ƙafa duk su zauna a ciki, da yawa ƙafar da aka bari tana reto a waje ginshiƙi ne ya murƙushe ta. Tsakaninka da foklif ɗin gabanka ka bar tazarar tsawon inji 3. Ƙasa mai ruwa ko mai, ka rage gudu tun kafin ka shiga. Ka san tsayin mas ɗinka da tsayin kowace ƙofa, da inda fayif da wayoyin wuta suka ratsa a sama.

Gangare yana da doka ɗaya mai sauƙin riƙewa. In da kaya, kayan su kalli sama kullum, wato ka hau da gaba ka sauko da ribas. In ba kaya, yatsu su kalli ƙasa. Ba a juyawa a tsakiyar gangare ko a ratsa shi a karkace, miƙe za ka hau miƙe za ka sauko, kuma kar ka sa giya a firi ka bar ta ta gangara da kanta.

Sai maganar mutanen da ke tafiya a ƙasa, kuma nan ne nake ganin nauyin ya fi yawa a wuyanka, don kai kana cikin ƙarfe su kuwa ba abin da ya kare su. Kar ka taɓa ɗauka mutum ya gan ka. Sito akwai ƙara, wani yana duba takarda, wani waya a kunne, wani baƙo ne direban tirela da bai san hanyoyin wurin ba, ga foklif mai batir ba ta da ƙara sosai sai dai mutum ya ji ta a jikinsa. Duk bakin layi, duk ƙofa, duk kwanar da ba ka ganin bayanta, rage gudu ka danna hon, in ya kama ka tsaya. In mutum yana kusa ka haɗa ido da shi kafin ka motsa, in bai kalle ka ba to bai san da kai ba. Inda mutane suke gudunka kar ya wuce na mai tafiya da ƙafa. Kar ka tuƙa zuwa wajen mutumin da yake tsaye jikin bango ko rak ko tebur, don in birki ya ƙi ko ƙafarka ta zame ba shi da wajen gudu. Kafin ribas ka duba baya ta kafaɗa biyu, ko da yanzun nan ka duba, mutum yana shigowa cikin ƙiftawar ido. Ba mai wucewa ta ƙarƙashin yatsu ko da kaya ko ba kaya. Wanda ya zo zai yi maka magana, ka sauke yatsu ka ja hambirki sannan ya matso, in ya gama ya ja baya ka ga ƙafafunsa sun yi nisa da taya kafin ka tashi. Ba a ɗaukar fasinja, kujera ɗaya ce mutum ɗaya. Ba a ɗaga mutum a kan yatsu ko a kan falet don ya canza ƙwan fitila ko ya ƙirga kaya a sama, akwai keji na musamman da ake ɗaurewa a jikin injin, in babu shi a nemo wata hanya.

Ɗauka da jerawa abu ne da sai an nuna maka da hannu, amma ga tsarin. Ka dubi kayan tukuna, falet ɗin ya karye ko ya ruɓe, an naɗe kayan ko suna rawa, ina nauyin ya fi yawa, ɓangaren mai nauyi shi zai zo jikin injin. Ka buɗa yatsu iya faɗin da falet zai karɓa, ka zo a miƙe ba a karkace ba, ka shigar da su har gindi, in kayan dogo ne aƙalla yatsun su kai kashi 2 cikin 3 na tsawonsa, amma ka kula kar tsininsu ya fita ta baya ya tunkuɗe falet ɗin da ke bayan wanda kake ɗauka, wannan yana yawan zubo kaya kan mutanen da ke ɗaya layin. Wajen ajiyewa a sama ka zo gaban rak da kaya a ƙasa, ka tsaya, ka ɗaga har ya ɗan wuce inda zai zauna, ka matsa a hankali, ka daidaita mas ya miƙe, ka sauke har ka ga nauyin ya bar yatsu, ka duba baya, ka ja baya har yatsu su fita gaba ɗaya, ka sauke su ƙasa sannan ka juya. Kar ka karkata mas gaba da kaya a sama sai kayan suna daidai kan inda za su zauna. Rak shi ma yana da iyakar nauyinsa a rubuce. In ka bugi ƙafar rak ka faɗa nan take ko da za a yi maka faɗa, ƙarfen da ya lanƙwashe ya rasa ƙarfinsa, yana iya ɗaukar kwanaki a tsaye sannan ya sauko da layi guda a kan wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Kayan ruwa a tanki ko duro da bai cika ba suna kaɗawa su ja ka gefe, haka kayan da aka rataye suna lilo, waɗannan sai a hankali ƙwarai.

Bakin lodi wuri ne da nake tsoro. Na taɓa tsayawa a wani sito ina kallon ana loda tirela, ba a sa weji a tayoyinta ba, duk shigar da foklif ta yi ta taka birki a ciki sai tirelar ta ɗan matsa gaba, kaɗan kaɗan yadda ido ba zai kama ba, ƙarfen gadar da aka shimfiɗa tsakanin daɓe da motar yana ta zamewa har leɓensa ya rage bai fi faɗin yatsa biyu a kan tirelar ba, direban kuwa yana ta shiga da fita bai lura ba don idonsa na kan kaya. Da aka tsayar da shi ya sauko ya gani sai da ya zauna. Shiga ɗaya ta rage gadar ta faɗi da shi da injin a tsakani. Don haka kafin ka shiga kowace mota ka tabbata an ja birkinta, an sa weji, an kashe ta, kuma direbanta ya san ba zai motsa ba sai an sallame shi, wasu wuraren ma karɓe makullin suke yi su rataye har a gama, ni ina goyon bayan haka. In an cire kan motar an bar tirela ita kaɗai a sa mata abin tokare a gaba kar ta dungura. Ka shiga da ƙafa ka duba daɓen cikin, katakon da ya ruɓe ba zai ɗauki tan 6 ba. Ka kuma nisanci gefen dakalin lodi, tayar baya tana fita waje wajen juyawa kamar yadda na faɗa maka.

Kullum kafin ka fara aiki ka zagaya injin, ko da wani ya sauka yanzu ya ce lafiya lau take. Dubi ƙasa inda ta kwana ko akwai ɗigon mai. Dubi tayoyi, iska ko tsagewa ko wani yanki da ya ɓalle. Tsuguna ka dubi yatsu a gindi inda suka lanƙwasa, nan ne suke tsagewa kuma nan suke cinyewa saboda masu jan su a ƙasa, in kaurin wurin ya ragu da kashi 10 cikin 100 ƙarfin yatsan ya ragu da kusan kashi 20, an daina aiki da shi kenan, kuma ba a kai wa mai walda ya toshe ko ya miƙar da wuta ko ya huda rami a tsininsa, canzawa ake yi. Dubi sarƙoƙi biyu ko jansu ɗaya, ba tsatsa ba ƙullin da ya maƙale. Dubi tiyo, amma kar ka shafa da hannu kana neman inda yake yoyo, man haidurolik mai matsi yana huda fata ya shiga nama ta ɗan ƙaramin rami kamar na allura, mutum ya raina shi daga baya a yanke yatsa, in ya faru asibiti kai tsaye. Sannan ka hau, hannu biyu da ƙafa ɗaya a riƙe, kar ka ja sitiyari wajen hawa, ka gwada birki da hambirki da hon da fitila da ƙarar ribas, ka ɗaga yatsu ka sauke ka ji ko akwai wata ƙara baƙuwa. In ka samu matsala a birki ko sitiyari ko wajen ɗagawa, cire makulli ka rataya alama ka kai rahoto. Wannan dubawar taka ce, ban da ita akwai ta ƙwararru, a Birtaniya misali dokar LOLER ta 1998 ta ce a yi wa injin cikakken bincike aƙalla duk wata 12, in ana ɗaga mutane da shi duk wata 6.

Mai dizal ko gas in tana aiki a rufaffen wuri ko cikin kwantena tana tara iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, alamarta ciwon kai da jiri da tashin zuciya, in ka ji haka kashe ka fita iska kuma ka fitar da sauran. Gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya ya taru a rami, kuma in ya taɓa fata yana ƙonawa da sanyi, sa safar hannu wajen canza tukunya. Batir mai ruwan asid yana fitar da iskar haidurojin lokacin caji, tartsatsi kaɗan ya ishe ta, don haka ba sigari ba walda a wurin, kar a ajiye sifana a kan batir, a sa tabarau da safar roba, ruwa kuma bayan an gama caji ake ƙarawa ba kafin ba. In za ka sauka, yatsu a ƙasa tsininsu ya taɓa daɓe, giya a firi, hambirki, kashe, cire makulli, kuma ba a bakin ƙofar fita ko gaban abin kashe gobara ba.

Na san abin da ke ranka, sabon aiki ne kana tsoron in ka ce a'a oga zai ga kamar ba ka da himma. Ba sai ka yi gardama ba. Ka same shi cikin ladabi ka ce ranka ya daɗe ina son aikin nan kuma zan yi shi, amma ban taɓa hawa irin wannan ba, ina roƙo a haɗa ni da mai koyarwa kafin in taɓa kayan kamfani. Mai hankali zai gane kayansa da rak ɗinsa da ma'aikatansa kake kare masa. Horon kirki yana da bayani a zaune, sannan gwaji a fili inda ba mutane, ka fara ba kaya kana zagaya alamomi gaba da ribas har bayan injin ya zauna maka a kai, sannan falet fanko, sannan kaya a ƙasa, hawa sama shi ne na ƙarshe, bayan nan a zagaya da kai siton da za ka yi aiki a nuna maka gangarensa da ƙofofinsa da inda mutane suke ratsawa, a gwada ka a rubuta. Bayan ka fara ma za a riƙa matsa maka, mota na jira, yi sauri, ɗauki biyu a haɗe, a nan za ka riƙe abin da aka koya maka, sauri ya kan haifi nawa, kaya ɗaya da suka zube sun cinye duk mintocin da aka tara. Ranar da ba ka yi barci ba ko ka sha maganin da ke sa gyangyaɗi ka faɗa a ba ka wani aikin.

In ka shiga gobe ka ɗauki hoton farantin nan na jikin injin da za a ba ka, ka faɗa min ko mai batir ce ko gas ko dizal, mai kujera ko ta tsaye, da irin kayan da kuka fi ɗauka da tsayin rak ɗinku, ka turo in karanta maka jadawalin layi-layi mu ga iyakar abin da za ta kai saman.